Waiwaye: Ina zafin wuta yake tafiya bayan ruwa ya tafasa?

Duk wanda ya taɓa ɗora sanwa ya ga wannan abu, ko da bai tsaya ya yi tunani a kansa ba. Ruwa yana ta ɗaukar zafi har ya tafasa, daga nan kuma ko an ƙara iza wuta zafinsa ba ya ƙaruwa. A bakin teku ma'aunin zafi yana tsayawa cak a digiri 100, a tudun Jos kuwa, inda matsin iska ya ragu, yana tsayawa wajen 96. Ga wuta tana ci, ga itace yana ƙarewa. To ina zafin yake tafiya?

Har tsakiyar ƙarni na 18 malaman Turai ba su ɗauki wannan a matsayin tambaya ba. Abin da aka yarda da shi shi ne, da zarar ƙanƙara ta kai mizanin narkewa, ɗan zafi kaɗan ya isa ya mai da ita ruwa gaba ɗaya. Wanda ya ƙi yarda shi ne Joseph Black, likita kuma malamin sinadarai a Jami'ar Glasgow. Hujjarsa ta farko daga abin da ido ke gani ta fito: da haka abin yake, da dusar ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu duk hunturu ta narke a yini guda, ambaliya ta share garuruwa kowace shekara. Amma makonni take yi tana narkewa.

Sai ya gwada. Ya ajiye kwalabe biyu a ɗaki mai ɗumi, ɗaya da ƙanƙara, ɗaya da ruwa mai sanyin da ya kusa daskarewa, nauyinsu ɗaya. Cikin rabin awa ruwan ya ɗan yi ɗumi, ita kuwa ƙanƙarar sai da ta shafe sama da awa 10 kafin ta narke ta kai inda ruwan ya kai. Duk tsawon lokacin nan zafin ɗakin yana shigarta, ma'auni bai nuna ba. Black ya kira shi ɓoyayyen zafi, ya gabatar da bayaninsa a Glasgow a 1762. Da awon yau, narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara yana cin kilojul 334 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), wato zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa wajen 80. Mai da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa tururi kuwa yana cin kilojul 2,257, fiye da ninki biyar na abin da aka kashe wajen kai shi ga tafasa tun daga digiri 0. Zafin yana ƙarewa ne wajen raba ƙwayoyin ruwan da juna, kuma yana dawowa cif idan tururin ya koma ruwa. Shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni.

Mu nan mun daɗe muna cin moriyar wannan zafi ba tare da mun sa masa suna ba. Randa tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, shi kuma ya tafi da zafin da ya zuƙo daga ruwan da ke ciki. A kan wannan ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ina ganin duk malamin da zai koyar da wannan darasi a makarantunmu, da randa ya kamata ya fara kafin ya je ga allo.

A jami'ar da Black yake koyarwa akwai wani matashi mai gyaran kayan awo, James Watt. An ba shi ƙaramin samfurin injin tururi irin wanda Bature Thomas Newcomen ya ƙirƙira ya gyara, ya ga yadda yake lashe tururi ba ƙaƙƙautawa, domin a kowane bugu sai an sanyaya silindar da ruwa sannan a sake zafafa ta. Da ya auna, ya tarar tururi yana iya tafasa ruwan sanyi da ya ninka nauyinsa kusan sau shida. Black ne ya bayyana masa dalili. A 1765 Watt ya ware wa tururin wani mazubi dabam inda zai koma ruwa, silindar ta zauna da zafinta, ya kuma yi rajistar ƙirƙirar a 1769.

Da injuna suka yawaita, sai buƙata ta koma ga alƙaluma: a matsi kaza, a wane zafi ruwa yake tafasa, kuma nawa ne ɓoyayyen zafinsa? Kuskure a nan fashewar tukunyar tururi ne da asarar rayuka. Gwamnatin Faransa ta ɗora wa Henri Victor Regnault wannan aiki, ya shafe shekaru yana awo ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da babban kaso na sakamakonsa a 1847. Aiki ne mai gajiyarwa wanda ba ya sa a yi wa mutum tafi, amma a kansa injiniyoyi suka dogara shekaru da dama. A yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870 zuwa 1871 an lalata ɗakin gwajinsa da takardunsa, ɗansa kuma ya mutu a fagen daga. Jadawalin tururi da ɗaliban injiniya ke buɗewa a yau jikan wancan aikin ne, bayan ƙasashe sun fara zama don daidaita alƙalumansu a Landan a 1929.

Ana cikin haka wata tambayar ta taso: shin iyakar da ke tsakanin ruwa da tururi tana nan har abada? A 1822 Bafaranshe Cagniard de la Tour ya zafafa abubuwa masu ruwa-ruwa a cikin rufaffen bututu, ya ga a wani mataki saman ruwan ya ɓace, ba a iya cewa ga ruwa ga tururi. Thomas Andrews na Belfast ne ya warware lamarin a 1869 da iskar kabon dayokzaid. Ya nuna cewa ƙasa da digiri 31 matsi yana mai da ita ruwa, sama da haka kuwa ko an matse ta yaya ba za ta rabu gida biyu ba. Kowane abu zalla yana da irin wannan ƙurewar iyaka. Ta ruwa tana wajen digiri 374, a matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 218, kuma a can ɓoyayyen zafin nan na Black ya ƙare ƙaf. Wannan ya bayyana abin da ya hana Michael Faraday mai da iskar oksijin ruwa duk da ya yi nasara a kan kulorin tun 1823: sai an sanyaya ta sosai kafin matsi ya yi tasiri. A 1873 Van der Waals na ƙasar Holan ya kawo lissafi guda da ya haɗa halin ruwa da na tururi, a 1908 kuma Kamerlingh Onnes ya mai da heliyam ruwa a Leiden, iska ta ƙarshe da ta gagara.

Akwai kuma wuri ɗaya tak da ƙanƙara da ruwa da tururi suke zama tare babu mai cinye wani: zafin digiri 0.01, da matsin da bai kai kashi ɗaya cikin 100 na matsin iska ba. Saboda wannan mahaɗa ba ta gusawa muddin ruwan zalla ne, a 1954 aka kafa kelbin, ma'aunin zafi na masana kimiyya, a kanta, aka ba ta lamba 273.16. Sai dai kalmar "zalla" ta zo da nata aikin. Ɗan gishiri ko iskar da ta narke a ruwa suna gusar da mahaɗar, kai ko tataccen ruwa ma yana bambanta gwargwadon yawan haidirojin mai nauyi da ke cikinsa, har sai da hukumar awo ta duniya ta fayyace a 2005 irin ruwan da ake nufi, wato tataccen ruwa mai nau'o'in haidirojin da oksijin daidai da na ruwan teku. Daga 20 ga Mayun 2019 an sauke wa ruwa wannan nauyi, aka ɗora kelbin a kan tsayayyar lambar Boltzmann, wadda ke danganta zafi da ƙarfin motsin ƙwayoyin abu. Duk da haka ɗakunan awo ba su jefar da kwalaben gilashin nan masu ƙanƙara da ruwa da tururi ba, da su ake ci gaba da daidaita ma'aunan zafi.