Waiwaye: Yadda zakarun jami'o'i ke dusashewa a gasar NFL

Tun 1936 gasar NFL, wato ƙwallon Amurka ta cafke da jifa, ke da tsarin zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan tebur ita ke fara ɗauka, don kada masu ƙarfi su kwashe gwanayen kaf. Jay Berwanger, wanda aka fara zaɓa a tarihin tsarin, bai taɓa buga wa kowa wasa ba, domin ciniki bai faɗa ba.

A ganina, tsarin kansa ne ya haifar da rabin matsalar. Yaron da ya fi kowa haske shi ake kaiwa gidan da ya fi kowane lalacewa. Dubi David Carr, mai jefa ƙwallon da Houston Texans ta ɗauka na ɗaya a 2002, shekarar da ta shigo gasar. Babu masu tsaron kirki a gabansa, sai da aka kayar da shi sau 76 a kakarsa ta farko. Wanda ya sha irin wannan duka, idonsa kan koma kan masu rugowa, ya manta da abokin da zai jefa wa. Makamancin haka ya sami Tim Couch a Cleveland a 1999.

Amma wani laifin na yaran ne. A 1998 an yi ta musu kan wa ya fi, Peyton Manning ko Ryan Leaf. Manning ya ɗaga kofin Super Bowl, wato kambun zakaran gasar, sau biyu. Leaf kuwa, da San Diego ta ɗauka na biyu, rigima da abokan wasa da 'yan jarida ta cinye shi.

Sai batun kuɗi. Oakland Raiders ta ɗauki JaMarcus Russell a 2007, ya ƙi zuwa atisaye har aka fara kaka, sannan ya sa hannu kan kwantiragin da ya tabbatar masa da sama da dala miliyan 30 tun bai taɓuka komai ba. Ƙiba da ƙin nazarin wasa suka biyo baya, aka sallame shi a 2010.

Wannan na cikin abin da ya sa yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade albashin sababbi. Sam Bradford, da aka ɗauka na ɗaya a 2010, ya samu tabbacin dala miliyan 50, Cam Newton da aka ɗauka na ɗaya a 2011 miliyan 22 ya tashi da ita. Asarar ƙungiyoyi ta ragu, sai dai haƙurinsu ma ya ragu: Arizona ta ɗauki Josh Rosen a 2018, shekara ɗaya tak ta rabu da shi.