Kitsen hanta: ba na tsire ba ne, kuma ba shawara ba ce

Tun da injin ekogarafi, mai ɗaukar hoton cikin jiki, ya yawaita a Damagaram, kalmar nan ta shiga bakin kowa. Mutum ya je a duba masa ƙoda ko ciwon ciki, ya dawo da takarda an rubuta "stéatose hépatique", likita ya fassara masa da Hausa: kitsen hanta. Kafin ka ce me, masu tallar magani sun cafke ta. Kunna rediyo bayan isha'i, ko ka tsaya gefen kasuwar Dole inda mai lasifika yake, za ka ji kwalba guda tana maganin basir, sanyi, shawara "da kitsen hanta", wai cikin kwana 7 ta wanke shi tas. Sai ka ce hanta tukunyar miya ce da za a goge da toka.

Wasu kuma sun haɗa shi da ciwon hantar da muka sani, wato hepatit B. Wannan ƙwayar cuta ce, ana ɗauka ta jini ko daga uwa zuwa jariri, kuma tana da rigakafi. Kitsen hanta ba shi da ƙwaya, ba a ɗaukarsa, don haka ware wa mai shi kwano zalunci ne kawai. Shawara kuwa alama ce, ba sunan cuta ba, kuma yawancin masu kitsen hanta idonsu fari tas.

Amma abin da ya fi ba ni haushi shi ne kalmar "kitse" ɗin kanta. Da an faɗa wa mutum, sai ya yi sallama da mai tsire, ya hana a sa masa man shanu a tuwo, ya ce ya yi magani. Alhali duk wanda ya taɓa turke ragon layya ya san ba da kitse ake ƙibanta shi ba. Dussa ce, da gero, da zama wuri ɗaya. Faransawa sun fi mu sanin wannan, don su har sana'a suka mai da abin: suna ɗura wa agwagi da dinya masara har hantarsu ta kumbura ta yi fari-fari, su sayar da ita da tsada da sunan "foie gras". Kalmar "foie" ma da muka koya a lakwal da ma'anar hanta, asalinta daga Latin ne, "ficatum", wato wadda aka ciyar da ɓaure, domin Rumawa da busasshen ɓaure suke kitsa hantar dabba. Ka ji fa. Tun zamanin Rumawa an san zaƙi ne ke komawa kitse a hanta, mu kuma muna nan muna zargin mahauci.

Hanta ita ce ke juya rarar sukari da tsaba ta mai da su kitse, in ya yi yawa ta ajiye a cikinta. Idan ya kai kashi 5 cikin 100 na hantar, likita ya ba shi suna. To, duba yininmu: burodi da shayi da safe, shinkafa da rana, fura an zuba mata sukari, lemun kwalba mai sanyi saboda zafin Afrilu, sannan a fada a sha shayi na ɗaya da na biyu da na uku. Daga Birni zuwa Zango ma sai kabu-kabu. Ragon turke ke nan, igiyar ce kawai babu.

Likitoci ma sun sha wahala da sunan. A 1980 aka fara bayyana shi a Amurka a matsayin ciwon da ya yi kama da na mashaya giya a jikin wanda ba ya sha. Shi ya sa in likita ya tambayi Alhaji ko yana kurɓawa, sai ran Alhaji ya ɓaci, alhali tambayar aiki ce. A 2023 aka sake masa suna, aka ɗaura shi kan ainihin abokan tafiyarsa: tumbi, ciwon sukari, hawan jini da kitsen jini. Kusan mutum 3 cikin manya 10 a duniya suna da shi, har da wasu siraran.

Kawuna shekara 6 takardarsa ta yi cikin aljihun wata tsohuwar jaka. An ce masa "kaɗan ne", shi kuma ba ya jin ciwo, shi ke nan. Wannan "kaɗan ne" ita ce ta fi masu kwalba haɗari, a ganina. Gaskiya ne yawancin mutane ba ya kai su ko'ina. Amma a wasu, hantar tana kumbura, ta yi tabo, tabon ya taru har ta taurare, ba tare da ta yi ko tari ba. Sai ciki ya tara ruwa ko a yi aman jini sannan a san an yi nisa. Ekogarafi kuma kitse yake gani, ba ya faɗin yawan tabo, gwajin jinin hanta ma yakan fito lafiya alhali tabon na nan.

Nan ne amfanin likitan ciki da hanta, wanda ake ce wa gastro. Abin da zai nema shi ne tabo. Akwai lissafin da ake kira FIB-4, da shekarun mutum da gwajin jini uku ake yinsa, ba tsada. In ya yi sama, sai a nemi FibroScan, injin da ke auna taurin hanta. Zai kuma duba sukari da hepatit B da C, don ana iya haɗa biyu, kuma haɗin ba ya da kyau. Tun daga asibitin unguwa za a iya rubuta maka takardar zuwa babban asibitin ƙasa na nan Damagaram, ka tafi da duk tsofaffin takardunka da kwalaben da kake sha, don wasu saiwoyin su ma suna ƙona hanta.

Maganin da aka tabbatar ba ya cikin kwalba: rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki. Mai kilo 90 ya sauke kamar 6 zuwa 9, a hankali, da tafiyar ƙasa da rage zaƙi.

Da muka fito daga wurin likita na ce, "Kawu, to shayin fa?"

Ya ce, "Ɗana, na ɗaya zan riƙa sha, mai ɗacin. Amma ka biya da ni wajen mai tsire, shekara 6 ina gaba da bawan Allah a banza."