Ikon Majalisar Dokokin Amurka a Kan Cinikin Jiragen Yaƙi Masu Saukar Ungulu

A watan Yulin 2021 labari ya bazu cewa Majalisar Dokokin Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu guda 12 samfurin AH-1Z. Ranar 14 ga Afrilun 2022 kuma sai aka ji sanarwar cewa an amince da cinikin a kan dala miliyan 997. Duk wanda ya karanta labaran biyu zai ɗauka cewa 'yan majalisa sun zauna sun kaɗa ƙuri'a sun ƙi, daga baya suka sake zama suka yarda. Alhali kuwa ba a kaɗa ƙuri'a ko sau ɗaya a kan waɗannan jirage ba, domin dokar da ke tafiyar da irin wannan ciniki ba ta buƙaci majalisa ta ce ta amince ba, kuma abin da ya riƙe cinikin tsawon watanni wata al'ada ce da ba a rubuta ta a cikin dokar ba.

Hanya biyu ce wata ƙasa ke bi ta sayi makamai daga Amurka. Ta farko ita ce ciniki tsakanin gwamnati da gwamnati, inda ƙasar da ke saye za ta zuba kuɗinta a asusun da gwamnatin Amurka ke riƙewa, Ma'aikatar Tsaro kuma ta bai wa kamfani kwangilar ƙera kayan a madadinta. Ta biyu ita ce ƙasar ta yi ciniki kai tsaye da kamfanin, shi kuma ya nemi lasisin fitar da kaya daga Ma'aikatar Harkokin Waje. Jiragen Najeriya ta hanyar farko suka bi. A duka hanyoyin biyu Ma'aikatar Harkokin Waje ce ke da ta-cewa kan ko a sayar ko kada a sayar, yayin da hukumar DSCA, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, ke gudanar da cinikin gwamnati da gwamnati.

Tushen ikon majalisa shi ne Dokar Kula da Fitar da Makamai ta 1976, musamman sashe na 36. Tun a 1974 Sanata Gaylord Nelson da ɗan Majalisar Wakilai Jonathan Bingham suka shigar da gyaran da ya tilasta wa shugaban ƙasa sanar da majalisa manyan cinikayya kafin a ƙulla su, a daidai lokacin da ƙasashen Gabas ta Tsakiya masu arzikin mai ke sayen makamai da yawa ba tare da 'yan majalisa sun san komai ba sai bayan an gama. Yadda dokar take a yanzu, dole ne a sanar da majalisa idan darajar manyan kayan yaƙi ta kai dala miliyan 14, ko sauran kayan tsaro da hidimomi sun kai miliyan 50, ko aikin zane da gine-gine ya kai miliyan 200, sannan a jira kwana 30 kafin a miƙa wa mai saye takardar tayi. Ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO da Japan da Ostireliya da Koriya ta Kudu da Isra'ila da New Zealand an yi musu sassauci: ma'aunin nasu miliyan 25 ne da miliyan 100 da miliyan 300, jiran kuma kwana 15 ne kawai. Jirgin yaƙi mai saukar ungulu yana cikin rukunin manyan kayan yaƙi, kuma da wuya a sami cinikinsa da bai zarce wannan ma'auni ba. Idan kwanakin suka cika majalisa ba ta ce uffan ba, ciniki ya wuce.

Sai dai kafin a kai ga wannan sanarwa ta hukuma akwai matakin da ya fi ta tasiri. Shekaru da dama ke nan Ma'aikatar Harkokin Waje ta saba kai bayanin ciniki a asirce ga kwamitoci biyu, na hulɗa da ƙasashen waje a Majalisar Dattawa da takwaransa a Majalisar Wakilai, ta ba su wa'adin da ke kamawa daga kwana 20 zuwa 40 gwargwadon ƙasar da irin makamin. Mutum huɗu ne ke da murya a nan, wato shugaban kowane kwamiti da kuma babban wakilin jam'iyyar marasa rinjaye a cikinsa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya cewa a dakata, yana da tambayoyi, kuma a bisa al'ada ma'aikatar ba ta aika sanarwar hukuma sai ya janye. Babu wa'adin da aka yanka masa, babu zaman sauraron bahasi da ya wajaba, babu kuma tilas ya bayyana wa jama'a dalilinsa. Abin da ya sami jiragen Najeriya ke nan a 2021, lokacin da Sanata Bob Menendez na jam'iyyar Democrat, shugaban kwamitin Majalisar Dattawa, da Sanata Jim Risch na jam'iyyar Republican suka taka wa cinikin birki saboda damuwa kan haƙƙin ɗan Adam, ƙasa da shekara guda bayan harbe-harben da aka yi a Lekki a watan Oktoban 2020. Gwamnati na iya yin watsi da irin wannan dakatarwa ba tare da ta karya doka ba, amma ba kasafai take yin hakan ba, domin kwamitin Majalisar Dattawa ne ke tantance jakadu da manyan jami'an ma'aikatar, kuma wanda zai dawo gobe neman alfarma ba ya son ɓata wa mai ita rai yau.

Idan aka wuce wannan mataki aka aika sanarwar hukuma, to hannun majalisa ya yi rauni ƙwarai, kuma dalilin yana cikin wani hukuncin Kotun Ƙoli. Da farko dokar ta bai wa zaurukan biyu ikon soke ciniki da ƙudurin da ba ya buƙatar sa hannun shugaban ƙasa. A 1983, a shari'ar Chadha, wadda asalinta batun shige da fice ne, kotun ta yanke cewa irin wannan iko ya saɓa wa kundin tsarin mulki, saboda duk matakin majalisa mai ƙarfin doka dole ne ya je teburin shugaban ƙasa. Daga 1986 sai aka mayar da shi ƙudurin haɗin gwiwa, wanda shugaban ƙasa zai iya hawa kujerar na-ƙi a kansa. Tun da gwamnatinsa ce ta kawo cinikin, ba a tsammanin ya sa hannu a soke shi, don haka masu adawa na buƙatar rinjayen kashi biyu cikin uku a kowane zaure, wato sanatoci 67 cikin 100 idan kowa ya halarta. A Majalisar Dattawa an tanadi hanyar gaggawa, inda sanata ɗaya zai iya neman a fitar da ƙudurinsa daga kwamiti bayan kwana 10 a kai shi zaure. Majalisar Wakilai ba ta da irin wannan tanadi, sai abin da shugabanninta suka ga dama.

Sakamakon haka shi ne har yau majalisa ba ta taɓa soke wani ciniki ta wannan hanya ba. A 1981 Majalisar Wakilai ta ƙi amincewa da sayar wa Saudiyya jiragen leƙen asiri na AWACS, amma Majalisar Dattawa ta bar cinikin ya wuce da ƙuri'a 52 da 48. A 1986 zaurukan biyu sun zartar da ƙudurin hana sayar wa Saudiyya makamai masu linzami, Shugaba Ronald Reagan ya hau kujerar na-ƙi, masu neman murƙushe shi suka sami ƙuri'a 66, saura ɗaya tak su cika. Abin lura a wannan karo shi ne an cire makaman Stinger masu harbo jiragen sama daga cikin kayan kafin ƙuri'ar ƙarshe, wanda ke nuna inda matsin lambar majalisa ke yin aiki: tana rage kaya, tana jawo jinkiri, tana sa a gindaya sharuɗɗa, ko da ba ta iya hanawa gaba ɗaya. A 2019 ma Sanata Rand Paul ya nemi a hana sayar wa Qatar jiragen Apache masu saukar ungulu guda 24, amma ƙudurinsa bai sami rinjayen fita daga kwamiti ba.

Akwai kuma ƙofar gaggawa. Idan shugaban ƙasa ya shaida wa majalisa cewa akwai larurar da ta shafi tsaron Amurka, tare da bayanin dalilansa, yana iya tsallake kwanakin jira baki ɗaya. A watan Mayun 2019 Sakataren Harkokin Waje Mike Pompeo ya bi ta wannan ƙofa da cinikayya 22 na kimanin dala biliyan 8.1 ga Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Jordan, majalisa ta zartar da ƙudurori 3 na ƙin amincewa, Shugaba Donald Trump ya hau kujerar na-ƙi a kan dukansu a watan Yuli. Shugaban ƙasa ne ke fayyace abin da ya isa a kira shi larura, wanda a ganina shi ne babban giɓin dokar.

Ikon Amurka ba ya ƙarewa da miƙa kaya. Sashe na 3 na dokar ya hana ƙasar da ta sayi makamin Amurka ta sayar ko ta ba wata ƙasa ba tare da izinin Washington ba. Da wannan ne aka hana Isra'ila sayar wa Najeriya tsofaffin jiragen Cobra masu saukar ungulu a 2014, lokacin da Boko Haram ke riƙe da garuruwa a Borno da Yobe da Adamawa. Wancan mataki na gwamnatin Barack Obama ne, ba na majalisa ba, kuma dalilan da aka bayar su ne shakku kan iya sarrafa jiragen da kula da su, da kuma kare fararen hula. Haka nan jirgin da wata ƙasa ta ƙera da injin Amurka yana buƙatar lasisin Amurka kafin a fitar da shi, abin da ya tsayar da cinikin jiragen T129 tsakanin Turkiyya da Pakistan.

A nan ne ya kamata a raba wannan doka da Dokar Leahy, wadda aka fi jin sunanta a Najeriya tun bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi suka a kanta a ziyararsa ta Washington a watan Yulin 2015. Dokar Leahy, wadda ta samo suna daga Sanata Patrick Leahy kuma aka fara kafa ta a 1997, ta hana bai wa wata rundunar tsaro taimako idan akwai sahihin bayani cewa ta tafka mummunan take haƙƙin ɗan Adam. Runduna-runduna take bi, ba ƙasa ɗungurungum ba, kuma gwamnatocin Amurka sun daɗe suna fassara ta a kan cewa taimakon da ake biya da kuɗin Amurka ta shafa, ba kayan da wata ƙasa ta saya da kuɗinta ba. Tanadin dokar da ya fi dacewa da ciniki shi ne sashe na 502B na Dokar Taimakon Ƙasashen Waje ta 1961, wanda ya bai wa kowane zaure ikon neman rahoto kan halin haƙƙin ɗan Adam a wata ƙasa. Idan kwana 30 suka wuce ba a kawo rahoton ba, dole ne a tsayar da taimakon tsaro, har da cinikin makamai. Da wuya ake taɓa wannan sashe, kuma da Sanata Bernie Sanders ya gwada shi kan Isra'ila a watan Janairun 2024, an jingine ƙudurinsa da ƙuri'a 72 da 11.

Sanarwar Afrilun 2022 kanta tana ɗauke da alamun abin da aka tattauna a bayan fage. Ban da jiragen 12, ta lissafa injuna 28, da na'urori 2,000 masu saita rokoki kan abin hari, sannan ta ware dala miliyan 25 daga kuɗin cinikin domin horar da sojojin Najeriya kan daidaita aiki tsakanin dakarun sama da na ƙasa, da tantance abin hari bisa dokokin yaƙi. Duk wanda ya tuna bam ɗin da jirgin sojin sama ya jefa bisa kuskure kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann a watan Janairun 2017 zai gane abin da ake tsoro. Ko horon na hana aukuwar irin haka wata magana ce daban, domin sa idon da Amurka ke yi bayan miƙa kaya ya fi karkata ga tabbatar da cewa makamin yana nan a hannun wanda ya saya, bai fi mayar da hankali kan wanda aka harba da shi ba. A watan Fabrairun 2023 'yan Majalisar Wakilai biyu, Sara Jacobs da Chris Smith, sun rubuta wa Shugaba Joe Biden suna neman a janye cinikin bayan rahotannin kamfanin dillancin labarai na Reuters da suka zargi sojojin Najeriya da zubar da cikin mata a arewa maso gabas, zargin da rundunar ta musanta. Wasiƙa ce kawai, ba ta da ƙarfin doka, kuma a watan Maris na 2024 aka bai wa kamfanin Bell kwangilar dala miliyan 455 ta ƙera jiragen. Adadin da ake gani a sanarwa iyakar abin da aka ba da izini ne, ya haɗa da makamai da kayan gyara da horo, ba farashin ƙarshe ba ne.

Ƙasar da ke saye ita ma tana da majalisa, kuma tata dokar ta shafi kuɗin da za a biya. Sashe na 80 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana a cire kuɗi daga asusun gwamnati ba tare da amincewar Majalisar Tarayya ba. A 2018 gwamnatin Buhari ta cire kimanin dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin mai ta biya jiragen Super Tucano guda 12, sannan shugaban ƙasa ya rubuta wa majalisa a watan Afrilu yana neman amincewarta, bisa hujjar cewa Amurka ta yanka wa'adin biya. Wasu sanatoci, ciki har da Matthew Urhoghide, sun ɗaga maganar sashe na 143 da ya tanadi tsige shugaban ƙasa, Majalisar Dattawa ta miƙa batun ga kwamitinta na shari'a, jiragen kuma suka fara isowa a watan Yulin 2021.