'Yancin Jarida da Labaran Siyasa a Karkarar Kano da Jigawa

'Yancin jarida, a wurin masu aikin, shi ne edita da wakilansa su yanke abin da za a faɗa da abin da za a bari, ba tare da mai gidan ko gwamnati ko mai ba da talla ya tsoma musu hannu ba. A karkarar Kano da Jigawa maganar kusan duk ta rediyo ce, domin jaridar takarda ba ta taɓa yin nisa da birane da hedikwatocin ƙananan hukumomi ba. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, takwas ne kawai ake lissafawa a birni da kewaye. Jigawa, wadda aka cire daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, tana da 27, kuma yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya. Labarin mulki yana isa ga waɗannan mutane ne daga tashoshin da ba a garinsu suke ba, shi ya sa tambayar da suka fi yi a kan kowane labari ita ce, gidan wa ya faɗa, kuma wa ya biya.

Zamanin En'e

Kafin rediyo, labarin hukuma gangarowa yake yi daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, sannan sanƙira ya yi shela a kasuwa ko a ƙofar masallaci. Maganar haraji, jangali da aikin gayya duk ta wannan hanya take zuwa, kuma hanya ce mai tafiya ɗaya. Talaka yana ji, amma ba shi da inda zai mayar da amsa.

Gwamnatin mulkin mallaka ta fara buga wata jarida mai ɗauke da Hausa wajen 1932, amma wadda ta yi tasiri ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara a Zariya cikin Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita. A ƙauye mutum ɗaya ke karantawa, malamin makaranta ko malamin hakimi, jama'a na zaune suna saurare. Jaridar ta buɗe shafin wasiƙu, abin da ya ba wasu masu ilimin boko damar yin ƙorafi, sai dai ta gwamnati ce, kuma tana da iyakar da ba ta ƙetarewa a kan sarakuna da Turawa. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, an riƙa buga ƙananan jaridu na larduna, ta lardin Kano ita ce Sodangi.

Kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 shi ya fito da rikicin da ke tsakanin hukuma da masu sukarta fili. Wanda zai yi lacca a ƙauye sai ya nemi izni daga En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ita kuwa En'e tana tare da jam'iyyar NPC, abokiyar hamayyar NEPU. An sha gurfanar da 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU, gaban alƙali a kan taro ba izni ko zagin sarauta, a ɗaure su ko a yi musu bulala. Jaridar Comet, ta kamfanin Nnamdi Azikiwe, wadda ta koma fita daga Kano, ta ba mabiyan Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, fili, amma abin da ya fi kai saƙonsu ƙauyuka shi ne waƙa da lacca ta ranar kasuwa. Waƙa ba ta bukatar injin ɗab'i, kuma dogari ba ya iya ƙwace ta. Daga wannan zamani ne mutanen karkarar Kano suka gaji zaton cewa muryar hukuma ta mai mulki ce, gaskiyar talaka kuwa sai a gefe ake jin ta. Wannan zato bai gushe ba har yau.

Rediyon Kaduna da tashoshin waje

Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris 1957. Gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa ya buɗe a Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, rediyon Faransa kuma a 2007. Zuwan ƙaramar rediyo mai batir ya sa manomi a Ɓaɓura ko Gwarzo yana iya rataya ta a reshen bishiya yana noma yana ji. Rediyon Kaduna, saboda ƙarfin zangonta, ta zama muryar Arewa, kuma shirinta na Hannu Da Yawa ya daɗe yana zaunar da manya gaban tambayoyi.

Tashoshin waje sun sami wani matsayi na daban. A duk lokacin da aka yi juyin mulki, gidajen gwamnati suka koma kiɗan soja, gajeren zango ake murɗawa. Kalmar "an faɗa a BBC" ta zama hujja mai kashe gardama a majalisa. Wannan yarda ba cikakkiya ba ce, don idan magana ta shafi addini ko yaƙe-yaƙen ƙasashen Musulmi, mutanen nan dai su ne ke cewa kowace tasha da manufar ƙasarta.

Jamhuriya ta biyu

Tsakanin 1979 da 1983 aka ga yadda mallakar gidan rediyo ke juya labari. Gwamnatin tarayya na hannun jam'iyyar NPN, ita ke da Rediyon Kaduna. Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, tana hannun jam'iyyar PRP, gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, ɗan ƙauyen Rimi ta ƙasar Sumaila. Da hawansa ya soke haraji da jangali, abin da ya taɓa kowane gida a karkara. Gwamnatinsa ta kafa kamfanin jaridar Triumph a 1980, wanda daga baya ya riƙa fitar da Albishir da boko da Alfijir da ajami, ta kuma kafa gidan talabijin na CTV, wanda yanzu ake kira da sunansa. Alfijir ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta kai labarin siyasa ga almajirai da malaman tsangaya waɗanda jaridun boko suka tsallake.

Mai sauraro a Ringim ko Rano yakan ji abu ɗaya da fuska biyu a dare ɗaya, Kaduna ta ce kaza, Kano ta ce kaza. Da PRP ta rabe gida biyu, Santsi da Taɓo, sai rabuwar ta shiga ɗakunan labarai. Ranar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke a birni. An cinna wa Rediyon Kano da ofishin Triumph wuta, an kuma kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Har yau ana saɓani kan waɗanda suka shirya abin.

Mulkin soja

Doka ta 4 ta 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, ta haramta buga abin da zai kunyata jami'in gwamnati, kuma da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. An kashe Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, da bam a cikin ƙunshin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986 a Legas. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar The News a Kaduna, ya ɓace a zamanin Janar Sani Abacha. A karkara, abin da aka gani shi ne labaran gidajen jiha sun koma jerin ziyarce-ziyarcen gwamnan soja.

Tashoshi masu zaman kansu da sojojin baka

Doka ta 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC mai kula da kafafen watsa labarai, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Kano ba ta ci moriyar haka sosai ba sai a ƙarshen 2003, da Freedom Radio ta fara aiki. Daga baya tashoshi suka yawaita, irin su Rahama, Dala, Express da Arewa, ga kuma Pyramid ta gwamnatin tarayya. A karon farko talaka ya ji muryar irinsa tana kiran sunan shugaban ƙaramar hukuma a kan rijiyar burtsatse da ta lalace ko takin da aka karkatar. Shirye-shirye irin su In Da Ranka da Kowane Gauta sun zama abin jira. Sunan na biyun daga karin maganar nan yake, kowane gauta ja ne sai in bai sha rana ba.

Bayan sallar isha'i, a teburin mai shayi na kusan kowane gari, za a tarar da rediyo jingine da gwangwanin madara, ko wayar wani an zare mata abin sa wa a kunne don ta kama tasha. Ana jin muryar mai magana ake gane shi, wani ya ce, "Ai wannan yaron wane ne, bara fa a can gidan yake." Wannan shi ne abin da ake kira sojan baka: mutumin da ke shiga rediyo kullum yana kare ubangidansa na siyasa yana sukar abokin hamayya, a kan lada. Sojojin baka ba 'yan jarida ba ne, kuma mafi yawan filin da suke magana a ciki saye ake yi. Matsalar ita ce shirin da aka saya da labaran da edita ya tace suna fita ta baki ɗaya, wani lokaci da muryar ma'aikaci ɗaya, har mai sauraro ya kasa raba su.

A nan ne ainihin barazanar take, fiye da rufe tasha. Gidan rediyo yana ƙona man janareta yawancin yini, ga kuɗin lasisi ga albashi, alhali manyan masu talla a jihohin biyu gwamnati ce da 'yan siyasa. Gwamna ba ya bukatar aika 'yan sanda idan janye talla ya isa. Wakilin da aka tura ƙaramar hukuma sau da yawa ba shi da abin hawa, sai ya bi motar shugaban da zai ba da labarinsa, a ƙarshen taro kuma a miƙa masa abin da ake kira kuɗin mai ko na goro. Akwai masu ƙin karɓa, kuma mutane sun san su. Amma tsarin ya sa ƙauyen da ba a kai taron siyasa cikinsa ba ba ya shiga labarai sai masifa ta faɗa masa.

Zarge-zargen toshe baki

A Maris 2006, lokacin taƙaddamar tazarcen Olusegun Obasanjo, NBC ta hana Freedom Radio watsa shirye-shiryenta na wasu sa'o'in yamma, ta kuma ci ta tara. Hukumar ta ce an karya ƙa'ida, masu kare 'yancin jarida suka ce siyasa ce. A Fabrairun 2013, bayan kisan ma'aikatan rigakafin shan inna tara a Kano, an kama ma'aikatan Wazobia FM a kan wani shiri da ya soki yadda ake gudanar da rigakafin, aka kuma dakatar da tashar. A Oktoban 2018 jaridar intanet ta Daily Nigerian, ta Jaafar Jaafar, ta saki bidiyon da ta ce gwamna Abdullahi Ganduje ne yake karɓar daloli. Gwamnan ya musanta, kotu ta tsayar da binciken majalisar jiha, editan kuma ya koma Ingila a 2021 yana cewa ana barazana ga rayuwarsa.

A 2022 NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 kan wani shiri game da 'yan bindiga, sai dai a Mayun 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba ta da hurumin cin tara. A Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye. Ta ce don a kare mutunci da tarbiyya ne, ƙungiyoyin 'yan jarida kuma suka ce wannan ba hurumin jiha ba ne.

Dokoki

Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen labarai nauyin bin diddigin gwamnati, sashe na 39 ya tabbatar da 'yancin faɗar albarkacin baki. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Dokar zaɓe ta 2022 ta wajabta wa gidajen gwamnati raba fili daidai tsakanin jam'iyyu. An sha kama masu rubutu a intanet da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024.

Amincewar masu sauraro

Mutumin karkara ba ya ba tasha ɗaya amanarsa duka. Yakan ji gidan jiha don sanarwa, ya ji mai zaman kanta don ƙorafi, ya ji ta waje don tabbatarwa, sannan ya kai maganar kasuwa, Wudil ranar Juma'a ko Ɗambatta ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis, inda direbobi da fatake ke faɗin abin da idonsu ya gani. Malamai kuma kan tunatar da aya ta 6 ta Suratul Hujurati, wadda ta yi umarni da a yi bincike idan fasiƙi ya zo da labari.

Abin da rashin yarda ke jawowa ya bayyana a 2003, lokacin da jita-jitar cewa maganin na da illa ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa Yulin 2004. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 yana nan a zukatan mutane, shi ya sa sanarwar hukuma ba ta kashe jita-jitar ba, sai da sarakuna da malamai suka shigo. Yanzu saƙon murya na WhatsApp da bidiyon Facebook da TikTok sukan riga rediyo isa ƙauye, ba edita ba tacewa. A Maris 2025 kuma shirye-shiryen Hausa na Muryar Amurka suka tsaya bayan wani umarni na shugaba Donald Trump, aka rasa ɗaya daga ma'aunan da ake gwada labari da su.

Jigawa

Jihar na da Rediyon Jigawa da tashar FM ta Andaza, ga Horizon ta gwamnatin tarayya da reshen Freedom a Dutse, da Sawaba a Haɗejia. Garuruwan da ke maƙwabtaka da Kano, kamar Kazaure da Ringim, suna kama tashoshin Kano rangaɗaɗau, har wasu kan san rigimar siyasar Kano fiye da ta jiharsu. Ambaliyar Auyo da Kafin Hausa da Miga takan cika labarai a damina. Ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwan kogin Haɗejia, da yadda ake sakin ruwan madatsun Tiga da Challawa, ba kasafai ake bin diddiginsu ba idan rani ya shigo.