Ma'anar "almara mai duhu", da batun kallon yara

Almara mai duhu suna ne na wani rukunin finafinai da masu Ingilishi ke kira dark fantasy. Almara ce domin abin da ke ciki ba ya faruwa a duniya: mutum ya rikiɗa ya zama ɓera, tsohuwa ta hau tsintsiya ta tashi sama. Duhun kuwa ba na dare ba ne, na yanayin labarin ne: tsoro, mutuwa, mugun da ba lalle ne a ga bayansa ba. Ya fi tatsuniya nauyi, amma bai kai fim ɗin tsoro zalla ba. Wannan zama a tsakiya shi ke ruɗin iyaye, don sau da yawa yaro ne jarumin fim ɗin, sai a ɗauka na yara ne.

A tashoshin Faransa da ake kamawa a Maraɗi ta Canal+, akwai ƴar lamba a kusurwar tele: -10, -12, -16 ko -18, ma'ana kada wanda bai kai waɗannan shekaru ba ya kalla. Amurka kuma haruffa take sawa: G na kowa ne, PG sai da lurar iyaye, PG-13, wanda aka ƙirƙiro a 1984, gargaɗi ne kan ƴan ƙasa da 13. Sai dai PG ba tabbacin lafiya ba ne. Fim ɗin The Witches na 1990 PG aka ba shi, alhali a cikinsa shugabar mayu tana saɓule fatar fuskarta a gaban taro. Fim ɗin da aka tura a waya a bakin kasuwa kuwa ba ya zuwa da wata alama ko kaɗan.

Abin da lambar ba ta auna ba shi ne ma'anar maita a wurinmu. Ga ɗan Nasara, mayya kayan wasan kwaikwayo ce mai doguwar hula. Yaron Maraɗi kuwa ya riga ya ji ana maganar kamun kurwa da ƙanƙarar maita, ya ji manya na cewa "kurwata kur". Don haka fim ɗin ba ya zo masa a matsayin ƙirƙira, sai dai ya gaskata masa abin da yake tsoro. Mafi muni, yana iya fara gudun wata tsohuwa a unguwa don kawai ta yi kama da ta fim, kuma ƙazafin maita ba ƙaramin abu ba ne.

Shekaru ma suna canza abin da ke firgita yaro. Ɗan ƙasa da bakwai siffa ce ke kaɗa shi: mummunar fuska, rikiɗa, ƙara mai ƙarfi. Faɗa masa "ƙarya ce" ba ya aiki sosai, gara a kashe, a rungume shi. Daga takwas zuwa sha biyu, abin da zai iya faruwa da gaske ya fi damunsa, kamar satar yaro ko mutuwar uwa. Shi ne ake yi wa bayani cewa roba ce aka manna a fuska, sauran kuma aikin na'ura.

Ya kamata babba ya fara duba fim ɗin shi kaɗai, ya tsallaka zuwa inda mayyar ta fara bayyana da kuma ƙarshe. A kalla da rana, a tele, a rage sauti, ba a waya cikin gidan sauro ba. Idan yaro ya koma fitsarin kwance, ko ya ƙi zuwa makewayi shi kaɗai fiye da ƴan kwanaki, a jingine irin waɗannan finafinai tukuna.