Yanke Shawarar Nas a Kan Mara Lafiya

Yanke shawarar nas shine tunanin da ma'aikacin jinya yake yi kafin ya taɓa mara lafiya da lokacin da yake kula da shi: me ke damun wannan mutumin, wa za a fara dubawa, me zan iya yi da hannuna, yaushe ne dole in kira dokta. Mutane da yawa a unguwannin Zango na Ghana suna ɗauka aikin nas bai wuce allura da ƙarin ruwa ba, alhali ita ce ke kwana a wodi, ita ke fara ganin jiki ya canza tun dokta bai iso ba.

A makarantun nas ana koyar da abin mataki biyar, a bincika, a gane matsalar, a tsara kulawa, a aiwatar, sannan a koma a duba ko an samu sauƙi. Wata nas 'yar Amurka Ida Jean Orlando na cikin waɗanda suka fara shimfiɗa wannan tsarin wajen 1961, ita kuma wata nas ɗin Amurka Patricia Benner a 1984 ta nuna cewa nas na hawa daraja biyar daga sabon shiga har gwani. A Ghana hukumar nas da ungozoma, wato Nursing and Midwifery Council, ce ke ba nas lasisin aiki, ƙarƙashin dokar 2013 mai lamba 857.

Inda abin yafi fitowa fili shine sashen gaggawa. A asibitin Komfo Anokye na Kumasi ana aiki da ma'aunin tantance marasa lafiya na Afirka ta Kudu, nas zata auna numfashi, bugun jini, BP, zafin jiki, ta duba ko mutum na tafiya da ƙafarsa kuma yana cikin hayyacinsa, sai ta bashi kala. Ja a duba shi nan take, ruwan lemu cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore zai iya jira har awa 4. Toh kaga dalilin da yasa wanda ya zo bayanka zai iya riga ka shiga, ba son kai ba ne, kuma wallahi da 'yan uwanmu sun san haka da rigimar bakin ƙofa ta ragu. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, bugun jininsa 60 zuwa 100, idan numfashi ya kai 30 ko da mutum na zaune yana hira nas mai ido bata barinsa a benci.

Amma lamba kaɗai bata isa ba, tambaya ce rabin aikin. Tsohuwa daga unguwar Aboabo ta Kumasi zata ce "jiri nake ji, jikina duk ya mutu", nas ta durƙusa ta ce "Mma, kin sha maganin suganki yau? Kin ci abinci bayansa?", nan take a soki yatsa a gwada, domin sugan da ya faɗi yana iya kama da shanyewar jiki, alhali maganin faɗuwar sugan na kusa. Haka zazzaɓi, ƙa'idar yanzu sai an gwada jini kafin a ce maleriya ce.

Abin da ke yawan ɓata lissafin nas shine ɓoye-ɓoye, an sha jiƙo ko bitas ko an sayi ƙwaya a kemis kwana uku amma a ce ba a sha komai ba saboda tsoron faɗa. Shi yasa gogaggun nas suke jan mai jinya gefe su tambaye shi a hankali da Hausa ko Twi, wani lokacin ma su ce a koma gida a ɗauko kwalbar su gani da idonsu.