Manyan dodannin teku a wasannin labari na kan teburi

Dodannin teku wani rukuni ne na halittun ƙage da ake cin karo da su a wasannin labari na kan teburi, irin su Dungeons & Dragons da Pathfinder. A irin wannan wasa mutane huɗu ko biyar ne sukan zauna, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya riƙa magana da aiki a madadinsa, mutum guda kuma ya zama jagoran wasa. Shi ne mai ba da labari, shi ne kuma mai motsa abokan gaba. Idan aka zo abin da ba a san yadda zai kaya ba, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, sai dai mafi amfani a nan mai fuska 20 ce. Abin da ya raba dodon teku da sauran dodanni a wannan fage shi ne wurin da ake haɗuwa da shi. A tudu, wanda ya ga abin ya fi ƙarfinsa yana iya cika wandonsa da iska. A tsakiyar teku babu inda za a nufa, ƙasar da jarumai suke takawa ita ce katakon jirginsu, kuma wannan katako shi ne dodon yake fara nema.

Asali

Masu ƙirƙirar wasannin sun aro wasu daga cikin waɗannan halittu ne daga tatsuniyoyin ma'aikatan jiragen ruwa na arewacin Turai. Mafi suna shi ne Kraken, wanda masunta a gaɓar Norway suke ba da labarinsa. Erik Pontoppidan, bishop na birnin Bergen, ya bayyana shi a littafinsa kan halittun Norway da ya fito a 1752 da 1753. Ya ce idan ya taso sai a ɗauka tsibirai ne, idan kuma ya nutse sai ruwa ya yi wani irin juyi da zai iya haɗiye jirgi. Masana da dama suna ganin tushen labarin wata dabba ce ta gaskiya, babban sikwid mai hannaye goma da ke zaune a can ƙarƙashin teku. Masanin dabbobi ɗan Denmark, Japetus Steenstrup, ya raɗa mata suna Architeuthis a 1857, tsayinta kuma yana kai mita 12 zuwa 13. Duk da wannan girma, ba a ɗauki hotonta da rai a mazauninta ba sai a 2004, lokacin da wasu masu bincike na Japan suka yi nasara kusa da tsibiran Ogasawara.

Shigarsu cikin wasa

Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da Dungeons & Dragons a 1974 ta hannun kamfanin TSR da ke Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka. Tun a wancan bugu na farko akwai dokokin yaƙin jiragen ruwa da halittun da ke kai musu farmaki, ciki har da dodon kunkuru. Aboleth, wani dodon ruwa mai kama da kifi, ya bayyana a 1981, Kraken kuma ya samu cikakken bayani a littafin dodanni na biyu na 1983. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, kuma alƙaluman da ke ƙasa na bugu na biyar ne da ya fitar a 2014.

Kraken

A wannan bugu ana auna haɗarin kowane dodo da lamba, wadda take ƙarewa a 30. Kraken yana mataki na 23, alhali jarumi ba ya wuce mataki na 20 komai daɗewarsa a wasa. Makin ransa, wato yawan ɓarnar da zai iya ɗauka kafin ya mutu, 472 ne. Talakan gari da ba ya yaƙi yana da 4. Hannunsa yana kai nisan ƙafa 30, yana iya cafke mutum ya wurgar da shi ko ya haɗiye shi ɗungurungum, yana saukar da tsawa, yana kuma watsa tawada mai dafi ta rufe ruwa.

Sai an yi lissafin jirgi ake gane abin da waɗannan lambobi suke nufi. Jirgin filafilai na yau da kullum yana da maki 300. Bugun hannu ɗaya na Kraken yana cin maki 20 a tsaka-tsaki, kuma doka ta ninka masa ɓarnar da yake yi wa gine-gine da kayayyaki, sai ya zama 40. Yana bugu uku a kowane zagaye, zagaye kuwa daƙiƙa 6 ne a cikin labari. Ke nan idan ya ƙyale mutanen ya tasam ma jirgin, cikin daƙiƙa 18 ya gama da shi. A kan teburi abin yakan ɗauki rabin sa'a: jagora ya ce katako ya tsage ta gefen hagu, wani ɗan wasa ya ce jaruminsa zai sari hannun da gatari, wata ta ce tata za ta sauke ƙaramin kwalekwale, ana jefa ƙwaya ana soke lamba da fensir, kowa idonsa na kan makin jirgin da yake raguwa.

Amma Kraken na wasa ya wuce dabba. An ba shi hankali da ya zarce na mutane, yana magana kai tsaye cikin zuciyar wanda yake so, yana kuma tara mabiya a garuruwan bakin teku. A labarin Storm King's Thunder na 2016 akwai wani mai suna Slarkrethel da ke juya wata ƙungiyar asiri daga ƙarƙashin ruwa. Wannan shi ne amfani mafi kyau da aka yi da shi, domin 'yan wasa suna iya shafe watanni suna fama da bayinsa da 'yan leƙen asirinsa kafin su ga ko da hannu ɗaya.

Dodon kunkuru da Aboleth

Dodon kunkuru yana mataki na 17 da makin rai 341. Maimakon wuta, tafasasshen tururi yake hurawa har nisan ƙafa 60, kuma nutsewa cikin ruwa ba ya kare mutum daga gare shi. Yana da kwaɗayin dukiya, don haka matuƙin da ya san hanya yakan zuba masa zinariya a ruwa ya wuce lafiya. Dodo ne da ake iya yin ciniki da shi.

Aboleth ƙarami ne idan aka kwatanta, mataki na 10, siffarsa kamar kifi mai hannaye da idanu uku. Makaminsa bautar da hankalin mutum. Yauƙin jikinsa kuma yana sa wanda ya taɓa ya kasa numfashi sai a cikin ruwa.

Dokokin ruwa

Rabin ƙarfin waɗannan dodanni daga ruwan kansa yake fitowa. Jarumi yana riƙe numfashi na minti ɗaya, a ƙara masa wasu mintoci gwargwadon juriyar jikinsa. Wanda ba shi da baiwar iyo, idan ya kai sara da dogon takobi ko gatari a ƙarƙashin ruwa, sai ya jefa ƙwaya biyu ya ɗauki mafi ƙanƙanta. Wuƙa, gajeren takobi da nau'o'in mashi ne kawai suka tsira daga wannan hukunci. Kibiya ba ta nisa, wutar sihiri kuma rabin ɓarnarta take yi ga wanda ya nutse. Akwai sihirin numfashi a ruwa da ke ɗaukar mutum goma na sa'a 24, kuma ƙungiyar da ta shiga jirgi ba tare da shi ba ta yi ganganci.

Wannan ne ya sa jagororin da suka ƙware ba sa ajiye dodon gaba ɗaya a kan taswira. Sukan mai da kowane hannu abokin gaba mai makinsa, su bar gangar jikin a ɓoye, su kuma sa nasara ta zama kai jirgi gaɓa ko ceto matuƙa, ko da dodon bai mutu ba. Kamfanonin ma sun bi wannan buƙata. Paizo, mai Pathfinder, ya fitar da jerin labaran 'yan fashin teku na Skull & Shackles a 2012, sannan Wizards of the Coast ya fitar da Ghosts of Saltmarsh a 2019, inda aka raba jirgi gida-gida, gangar jiki da filafilai da sitiyari da makamai, kowanne da nasa makin da dodo zai iya cinyewa.